Rasuwar Seisomaru, Jarumin da Ke Rikiɗa Ya Zama Motar Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da ko ƙwayar nadama ba, Chigusa Kuramochi ta sashen zane a kamfanin kayan wasan yara na Hoshikuma take sanar da 'yan uwa, abokan aiki da masu jiran ganin ƙarshenta rasuwar Seisomaru, mutum-mutumin nan da ke naɗewa ya zama motar kwashe shara. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, a hannunta, yana da shekara arba'in a duniya.

Ita ce dai Chigusar da shugaban sashe, Mista Onodera, ya umarta wata huɗu da suka wuce ta kawo marigayin a kulle shi cikin gilashi a sabon ɗakin tarihin kamfani, ta miƙe a gaban ma'aikata goma sha tara ta ce, "A'a."

Tun da aka gina ofishin ba a taɓa jin wannan kalma a cikinsa ba. Mai son ƙin abu yakan karkatar da kai ne, ya ja iska ta haƙora, ya ce abin zai ɗan yi wuya, kowa ya gane a wuce wurin. Ita kuwa a'ar ta saki tsirararta.

Mista Onodera ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Kuramochi, da alama ba ki ji ni da kyau ba."

"Na ji, ranka ya daɗe. A'a."

"Kamfanin nan fa shi ya haife shi."

"Shi ya kuma yar da shi, ranka ya daɗe. Kakana ne ya tsince shi."

An haifi marigayi a shekarar 1983 a wata 'yar masana'anta da ke unguwar Katsushika, auta cikin 'yan uwa goma sha biyu da aka yi wa laƙabi da Dakarun Rikiɗa. Yayyensa duk 'yan gata ne. Akwai mai zama motar tsere, akwai jirgin yaƙi, akwai jirgin ƙasa mai gudun walƙiya. Shi kaɗai aka ce ya je ya kwashi shara. Kakan Chigusa, Tokuji Kuramochi, shi ya sassaƙa ƙarafunan da aka zuba robarsa a ciki, kuma ya yi masa gaɓoɓi fiye da na kowa a gidan. Wannan bai sa yara sun so shi ba. Ba a taɓa ganin ɗan da ya kwanta a tsakiyar kanti yana birgima don a saya masa motar shara ba. Shekara guda aka yi ana ƙera shi, aka daina.

Bayan nan Amurkawa suka zo suka sayi dangin kaf, suka sauya musu sunaye, suka sa su a wasan zane na talabijin. Da suka dubi Seisomaru sai suka ce mai kwashe shara ba ya jarumta, suka shafe shi da shunayya, suka mai da shi baran mugu. A kashi na tara aka tarwatsa shi da harbi ɗaya, domin kantuna na bukatar wurin jera sababbi. Wannan ita ce mutuwarsa ta farko, kuma bai ji ko gezau ba, don a lokacin yana kwance a aljihun teburin Tokuji, cikin asalin fentinsa shuɗi.

Daga nan dangi suka shiga uku. Wata shekara aka ce motoci sun tsufa, a mai da su dabbobi. Wata shekara aka ce yaran yanzu ba su da haƙuri, aka yi masu rikiɗa da danna maɓalli ɗaya. Can kuma jikoki suka shiga silima, suka zama tarin ƙarafa masu ƙara, har uwar da ta haife su ba za ta gane fuska da ƙeya ba. Ƙarafunan zubin Seisomaru kuwa, wani manaja ya ga sun tare hanya ya sa aka kira 'yan gwangwan. Shi ya sa da bikin cikar dangin shekara arba'in ya ƙarato, kamfani ya jera goma sha ɗaya a gilashi, ya nemi na goma sha biyu sama da ƙasa ya rasa, sai guda ɗaya da ke tsaye kusa da kofin shayin wata ƙaramar ma'aikaciya.

Tana da shekara shida kakanta ya miƙa mata shi, ya ce, "Ungo. Ki riƙa murɗa shi kullum. Gaɓar da ba a motsa ta, ita ke fara mutuwa." Shekara ashirin da ɗaya ba ta tsallake rana ɗaya ba. Da safe yana mota a cikin jaka, in ta isa inda za ta, ya tashi mutum.

Marigayi mai haƙuri ne, mai kawaici, marar son abin duniya. Bai taɓa neman batir ba. Mataki ashirin da uku ake bi kafin ya rikiɗa, kuma bai taɓa yarda a yi masa ha'inci a tsallake ɗaya ba. Maganarsa kaɗan ce: ƙas in an ja kafaɗa, ƙas-ƙas in an buɗe ƙafafu, ƙurrr in an juya ƙugu, sannan ɗas, kai ya fito daga inda ake zuba shara. Ya raka ta makarantar ƙarin darasi ta yamma shekara shida. Ya shiga jarrabawar shiga jami'a a ɓoye cikin gidan fensir. An matse shi a jirgin ƙasan safiya har sau dubbai, tsakanin haƙarƙarinta da jakar wani, bai ce uffan ba. Bindigarsa injin share ɗaki ya haɗiye tun da daɗewa, madubinsa na hagu kuma karen maƙwabta ya tafi da shi, amma bai taɓa kai ƙara ba.

Ciwon ajalinsa na gado ne. An yi ƙugunsa da wata roba mai ruwan zinariya, wadda in ta tsufa takan bushe ta koma kamar gasasshiyar wainar shinkafa. Kada wani ya ce mai shi ba ta sani ba. Digirinta na biyu a kan tsufan roba ta yi shi, shafi ɗari da arba'in, kuma babi na huɗu ɗungurungum a kan wannan ciwo yake. Ta san kwanansa ƙidayayyu ne. Ta kuma karanta maganin da kamfani ya tanada: a ɗura masa gam a kowace gaɓa, a tsai da shi hannu a ƙugu, a haska masa fitila, a rubuta sunansa a ƙasa har da wanda Amurkawa suka raɗa masa. A ganinta wannan ba jinya ba ce, binnewa ce da rai.

Wata huɗun da suka biyo bayan a'ar nan, Chigusa ta ga abin da ake kira ladabtarwa cikin ladabi. Ba wanda ya ɗaga mata murya. An dai matsar da teburinta kusa da ƙofa, inda iska ke kaɗa takardu. In wani ya dawo daga tafiya yana raba tsarabar alewa tebur-tebur, kwalin kan ƙare daidai kafin nata. Masu fita cin abincin rana suka koyi fita ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ƙarfe tara daidai za ta zauna, ta fito da motar, ta bi matakai ashirin da uku a hankali, ofis ya yi tsit kowa yana jin ƙurrr ɗin ƙugu har cikin haƙoransa.

Da abin ya ƙi, aka turo mata yayanta Ippei, wanda ke da ɗaki guda cike da Dakarun Rikiɗa sama da ɗari biyu, duk a kwalayensu, ba ya taɓa su sai da farar safar hannu.

"Ke Chigusa, kin san irinsa nawa suka rage a duniya?"

"Ɗaya, Yaya. Kai naka guda nawa ka taɓa ganin bayansu?"

"Ba a buɗe kwali, jahila mai digiri biyu."

"To ka tabbata akwai kowa a ciki? Kada a wayi gari ashe sabulu kake wa gadi."

"Ranar da ya karye a hannunki, kada ki neme ni."

"In ya karye, ai a bakin aiki ya karye. Naka fa, da me za su mutu?"

Ranar Talata tana mataki na goma sha bakwai, ƙafafu sun fito, kai bai fito ba, ta juya ƙugun kamar kullum. Maimakon ƙurrr sai aka ji tus. Garin zinariya ya zubo a kan takardunta. Sama ya rage a hannun dama, ƙasa a hannun hagu. Haka ya tafi, shi ba mota ba, shi ba mutum ba. Mista Onodera ya taso da kofin shayinsa, ya tsaya, ya sunkuya wa gawar irin sunkuyon da bai taɓa yi wa wani mai rai a ofishin ba. Da ya ɗago ya tambaya a hankali ko gam zai kama. Ta ce ba zai kama ba, bayanin yana shafi na tamanin da bakwai na kundin digirinta.

Washegari ta je ta yi wa kakanta gaisuwa. Ta same shi a bakin lungu yana ba tukwanen furanninsa ruwa, ɗan shekara tamanin da takwas, da silifa wari da wari. Ta durƙusa ta buɗe ƙyallen da ta naɗo marigayin, ta ce ta riƙe amanarsa har ƙarshe, ba ta bari an kashe masa gaɓa ko ɗaya ba.

Tsohon ya leƙa, ya leƙa, ya ce, "Wai daman har yanzu yana nan?"

"Kaka, kai ka ce in riƙa murɗa shi kullum."

"Na ce, mana. Kina cika min kunne da surutu ne, na ba ki abin da zai ɗauke miki hankali. Ke, shekara uku aka ce mu yi su su kai. Su karye, a yi kuka, uwa ta sayo sabo. Har taro aka yi a kan haka. Ni dai hannuna ne ya ƙi yin aikin banza."

"To da in ba su shi kenan?"

"Oho miki. Ni da ni ne da na bayar, in ci alewata. Amma ke ai taurin kan uwarki kika ɗauko." Ya ɗauki rabin sama ya murɗa kafaɗar, ta ce ƙas. "Ji nan. Wannan gaɓar tawa ce. Ƙugun kuwa, wani sakarai ne ya zaɓi robar, don tana ƙyalli."

Marigayi ya rasu ya bar yayye goma sha ɗaya a gilashi, waɗanda ba za su sami halartar jana'iza ba saboda an riga an ɗura musu gam. Ya bar jikoki da tattaɓa-kunne fiye da dubu huɗu a kantunan duniya, ba wanda ya san sunansa a cikinsu. Ya bar 'yan uwa ɗari biyu a ɗakin Ippei, waɗanda ba a san ko suna raye ba. Ya bar mahaifi guda da ya manta da shi, da mariƙiya guda.

Za a yi bankwana da shi ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, a haikalin unguwa, tare da 'yan tsana da dabbobin wasa na auduga da ake yi wa addu'ar sallama duk shekara. Malamin haikalin ya yarda zai karanta masa, zai kaɗa ƙararrawa, zai tashi turare, amma ya ce ba zai sa shi a wuta tare da sauran ba, domin hayaƙin roba na damun maƙwabta. Don haka bayan addu'a za a kwance kusoshinsa tara a ware su daban, a sa sauran cikin leda mai nuna ciki, a fitar da shi bakin titi ranar Alhamis ta biyu a cikin wata, kafin ƙarfe takwas, motar shara ta kwashe shi, kamar yadda dokar unguwa ta tanada. Ana roƙon masu zuwa su sa baƙaƙen kaya. Wanda zai zo da abin wasansa ya fito da shi daga kwali tun daga gida. Ba a bukatar furanni, ba a kuma bukatar "ai na faɗa miki".

Zaman makoki na kwana arba'in da tara ba zai yiwu a sashen zane ba. Daga ranar Litinin an cire sunan Chigusa Kuramochi daga ayarin da zai zana sabon zubin Dakarun Rikiɗa, aikin da ta yi karatun shekara shida domin ta kai gare shi. An mai da ita ɗakin karɓar ƙorafi a rumbun kamfani, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, inda za ta riƙa ba iyayen da kayan 'ya'yansu suka karye haƙuri ta waya. Yayanta ya daina amsa kiranta. Seisomaru kuma ya tafi, kuma hannunta ne ya karya shi. Abin da tsayuwarta ta ci kenan, ta ƙirga shi sarai, kuma mai zuwa ta'aziyya ya same ta a can, tebur na uku daga ƙofa.