Tayar da Ta Ci Kiredit

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na so burge surukata da tayoyin mota, tayoyin suka tona mini asiri a tsakiyar Bronx.

Kafin in zo Amurka ni malamin makaranta ne a Kafanchan, kuma har yau ban warke ba. Ina tuƙa tasi a unguwar Jamaica da ke New York, amma in na ga harafi sai in ji kamar in ɗauko jan biro. Lokacin ina neman auren Rahila, nas ce, mahaifiyarta kuma ta zo daga gida bikin ƙanen Rahila. Rahila ta gaya mini ƙarara: in Mama ba ta yarda da ni ba, magana ta mutu.

Ina da wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da kicin har da banɗaki (na saye ta ne don in riƙa cewa ina da gida a New York). Da na ji za a yi bikin a bayan gari, sai na buga ƙirji na ce ni zan kai Mama da ƙawayenta na zumuntar mata.

Tayoyin sun suɗe, na shiga waya neman sababbi. Girmansu ɗaya, amma wasu an rubuta musu C, wasu D, wasu E. Haba, wannan ai fagena ne! C kiredit ce, D an sha da ƙyar, E kuwa maƙwabciyar faɗuwa. Na zaɓi C. Wanda ya ɗaura mini su ya yi wata magana da Turancinsa mai gudu yana nuna ƙofar direba, na gyaɗa kai irin na masu ilimi.

Ranar biki a unguwar University Heights da ke Bronx aka fara lodi. Tukwanen shinkafa, kulolin kunu, katan-katan na lemo, kujeru, da tulunan kiɗa. Na cika tankin ruwa maƙil don kada Mama ta nemi wanke hannu ta rasa. Sannan iyaye mata suka hau, kowacce Allah ya yi mata albarkar jiki.

Mama ta tsaya ta dubi tayar baya. "Ɗana, wannan ba ta yi ciki ba kuwa?"

"Mama, ki kwantar da hankalinki," na ce, har da ɗaga yatsa. "Tayoyin nan duk kiredit gare su. Ni ba na harka da 'yan E."

Mata suka yi guɗa. Wallahi har na ji tsawona ya ƙaru.

Ba mu ma hau babbar hanya ba, suna tsakiyar waƙa, sai ji muka yi daram! Tayar baya ta fashe, motar ta durƙusa gefe guda. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai kular kunu ta kife a kan leshin Mama, tun daga wuya har ƙafa. Uwar ango ce fa.

Rahila, wadda ita ma tana cikin motar, ta sauko. Ta buɗe ƙofar direba, ta karanta wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen (na daɗe ina ganinta, na ɗauka ado ce). A nan aka rubuta nauyin motar da irin tayar da za ta iya ɗaukarsa.

"Malam," ta ce, a gaban kowa, "E aka rubuta. Harafin nan ba maki ba ne, ƙarfin ɗaukar kaya ne. E ta fi D, D ta fi C."

Wata dattijuwa ta leƙo ta taga. "Ashe daƙiƙan ne masu ƙarfin!"

Na so ƙasa ta tsage. A tasi uku aka kwashe su, ni aka bar ni ina gadin shinkafa har motar da ke jan lalatattun motoci ta zo. Uwar ango ta shiga hoto da zanen aro.

Na kwana biyu ban iya kiran Rahila ba, don na tabbata na faɗi. Sai ga kiranta.

"Mama ta gama duba takardarka. Ta ba ka E."

Na ce, "Ta makaranta ko ta taya?"

"Ta ce sai an ɗora maka kaya an gani."

Yanzu shekarunmu sun ja da aure, kuma ana ta ɗorawa. Ni dai tun ranar, ko gwangwanin tumatir zan saya, sai na tambayi abin da harafin yake nufi kafin in ba shi maki.