Shanu Ɗari Huɗu a Cikin Kwamfuta

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na mallaki shanu ɗari huɗu a gaban Kawu Adam, ni da ko kaza ban ajiye ba.

Mu asalinmu makiyaya ne. Garken gidanmu ya ƙare tun ban yi wayo ba, muka tare a unguwar Ajilari, Kawu ya koma dillancin dabbobi. Shi ya riƙe ni, kuma bai taɓa ɓoye cewa karatun kwamfutar da nake yi a jami'a zaman banza ne a wurinsa ba. Kullum cewa yake ko akuya aka ba ni riƙo sai ta tsere. Abin yana yi mini ciwo, don haka na ƙudura sai na yi abin da zai sa ya janye maganar.

Na rubuta masa manhajar kwamfuta wadda ke ajiye bayanin dabbobin da ke hannun kowane dillali: wadda aka yi wa allura, wadda ke jinya. Tana aiki lafiya lau. Sai rawar kai ta sa na ce bari in ƙara zane mai sanduna, yadda da kallo ɗaya za a ga wanda ya fi dabbobi.

Daga nan na shiga uku. Na sauko da kayan zanen daga intanet, na danna a haɗa manhajar, sai jan rubutu ya cika allo. Wai akwai fayil ɗin da ba ta gani ba. Na nuna mata inda yake, ta ce ai samfurin kayan zanen ya fi nata sabunta. Na sauko da tsoho, kuskure uku suka zama goma sha ɗaya. Kwana huɗu ina fama a ɗakin abokina a unguwar Mairi, don can ne ake samun wutar sola.

Duk haɗi ɗaya yana cin mintuna, ni kuwa da na zauna jira sai hankalina ya tafi daji. In ga fararen shanu suna gangarowa bakin ruwa, ƙahonninsu na ƙyalli, ni a gaba da sanda a kafaɗa (ni da nake tsallake kashin shanu da yatsa a hanci). Har sunaye na raɗa musu.

A rana ta huɗu na yi dabarar da ake koya mana: na cire hanyar da zanen ke ɗauko bayanan gaske, na rubuta na wucin gadi don in gano inda matsalar take. Da yake ban gama dawowa daga dajin ba, sai na rubuta sunana da shanu ɗari huɗu, Kawu da bakwai, amininsa Alhaji Modu da akuya ɗaya. Na danna. Jan rubutu ya ɓace, aka rubuta mini babu kuskure ko ɗaya. Don murna na rufe kwamfutar, na ruga gida.

Bayan la'asar na tarar da Kawu da Alhaji Modu da wasu dillalai biyu suna shan shayi a gindin dogonyaro. Na ajiye kwamfutar a kan tabarma, na yi dogon jawabi, har da cewa wannan na'urar ba ta san ƙarya ba. Sannan na buɗe zanen.

Sandata ta tashi har ta kusa fasa allo. Ta Kawu kamar guntun alli. Ta Alhaji Modu sai da ya sa tabarau ya lalubo ta, ya karanta a hankali, ya tambaye ni ko akuyar tana da lafiya. Dariya ta ɓarke. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ina ta in'ina ina cewa gwaji ne, mantuwa na yi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon doguwar sandar nan mai ɗauke da sunana da sunan kakanmu. Na miƙa hannu zan goge, ya riƙe ni.

"Bar shi tukuna, ya waladi," ya ce, wato ɗana da Larabci. "Rabon da in ga sunan gidanmu kusa da shanu masu yawa haka, tun muna daji."

Can ya saki hannuna, ya kurɓi shayinsa.

"Amma bakwai ka ba ni, bayan duk tuwon da ka ci a gidana?"

Washegari na mayar da bayanan gaske, kuma har yau da manhajar yake aiki, ko da yake bai janye maganar akuya ba. A kasuwa kuwa sunana ya zama Mai Ɗari Huɗu. Tun daga ranar, in kwamfuta ta ce mini babu kuskure, sai in sake dubawa da idona, don na gane nata kuskuren take nufi, nawa yana nan yana jiran taro.