Yatsan Arvid a Ƙarƙashin Tifa

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe kina nan, ban yi asarar man mota ba."

"Ina nan daram, sai na ga furfurarka. Kakkaɓe ƙanƙarar takalminka, nan ba garejinka ba ne."

Verna ke nan da jikanta Trent, a ɗakinta na gidan tsofaffi da ke bakin tafki a Minnesota. In ka ji su sai ka rantse ba sa ga maciji da juna. Verna ta yi ƙuruciyarta a kamfanin motocin wasa na ƙarfe, ita ke saka tayoyi, mijinta Arvid shi ke tsoma motocin a fenti. Kamfanin ya rufe, Arvid ya rasu. Tun bazara take aiken Trent kasuwannin gwanjo ya nemo mata tifar wasa ruwan ɗorawa ta zamaninsu, ta kuma ƙi faɗin dalili, don tsohuwar nan gara ta haɗiye harshenta da ta ce tana kewar wani.

"Ga saƙonki," in ji Trent. "Sa'o'inki na neman sanda, ke kina neman tifa."

"Tifar nan ta fi motarka ƙwari. Da ƙarfen motar gaske muke buga su. Manajanmu, ƙato guda, yakan hau kai ya tsaya, ko lotsawa ba ta yi."

"Bara kin ce doki ne ya hau."

"Dokin ma ya hau. Ku a zamaninku komai roba, har ku ɗin."

Ya buɗe kwali. Tifa sai sheƙi take.

"Wannan amaryar fa? Tsohuwa na ce."

"Tsohuwa ce tukuf, yayarki ce ma. Tsatsa ta cinye ta, na kankare ta tas, jiya na fesa mata sabon fenti. Ke ma da za ki tsaya, da na gyara ki."

Verna ta kifa motar a cinyarta, ta duba gefen tayar baya. Sumul.

"Har ƙasan ka kankare?"

"Har ƙasan. Wani tabo ma ya ba ni wuya a nan, kamar wani sakarai ya dangwala yatsa."

"Sakaran nan kakanka ne. Duk wadda ya tsoma, kafin ta bushe sai ya danna babban yatsansa a ƙasa, inda mai duba aiki ba ya leƙawa. In ta iso teburina na juya ta, in ga gaisuwarsa. Da haka ya nemi aurena, mutumin da magana ke yi wa nauyi."

Kewa ta taso wa Verna. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: ta ɗora yatsanta inda na Arvid ya taɓa, ko sau ɗaya kafin ta bi shi. Da za ta ajiye motar sai ta ji fenti na kama mata tafi.

"Ko bushewa ba ka bari ta yi ba, sarkin garaje. Miƙo hannunka."

"Kaka, ban sani ba."

"Miƙo na ce."

Ta kama babban yatsansa ta jujjuya. Gajere, mai faɗi kamar bayan cokali.

"Mummuna. Irin nasa sak."

Ta danna shi a gefen tayar baya, ta ɗaga, ta daɗe tana kallon sawun. Sannan ta yi dariya, ido ya ciko.

"Na yafe, ko banza ka gaji abu ɗaya mai amfani. Ɗora ta a taga, ka juyo mini da ƙasan."