Bulon Kawu Sale a Gaban Lauyoyi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa raba ni da aiki da biza a Dubai ba.

Kafin korona ne, ina injiniya a wani kamfani a unguwar Al Khabaisi. Roba muke narkawa mu cuɗa da yashi mu buga bulo, kuma muna da takardar mallakar fasahar. Sai wani kamfani ya nemi a soke ta, wai ba ƙirƙira ba ce, duk mai sana'ar zai iya tunanin haka. Maigidana, wani ɗan Labanon, ya ce in same shi wurin zama da lauyoyi. (Aikina in riƙe samfurin bulo, in kama bakina.)

A lifta wani dattijo mai kwat ya ji ina waya da Hausa, ya ce, "Ɗan'uwa, daga Kano?" Ashe Bahaushen Sudan ne. Daɗi ya kama ni. Ya dubi bulon ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Alhaji, rabu da kamfaninmu, wai fasaha, surutu ne! Kawuna Sale a Dakata ya fi shekara goma yana narka ledar ruwa da yashi a rabin duro." Na nuna masa bidiyo. (Har tura masa na yi, Allah ya yafe mini.)

A ɗakin taro na ja masa kujera kusa da ni. Ya yi murmushi, ya zagaya ya zauna cikin masu ƙararmu. Babban lauyansu ne.

Bayan rabin awa sai ga Kawu a katafaren allo, da singileti, yana juya duro. Daga bayan kyamara wani ya kwashe da dariya: "Kawu, ai wannan kowa ma zai iya!" Alhaji ya fassara da Turanci, a tsanake, sau biyu.

Maigida ya juyo. "Habibi, muryar wa ce wannan?"

"Yallaɓai, tana kama da tawa."

Lauyoyinmu suka yi ta gumi suna cewa namu da sinadari na musamman. Ƙarshe dai sulhu aka yi. Ba a kore ni ba, amma wata shida ina sito ina shaƙar ƙurar bulo.

Tun daga nan, duk wanda ya gaishe ni da Hausa a ƙasar waje, kafin in tambayi iyalinsa sai na tambayi wa yake yi wa aiki.