Rasuwar Kaka, Motar Ƙungiyar Tsatsa

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Witek, mai kaɗa jita a ƙungiyar kiɗan pank ta Tsatsa, nake sanar da rasuwar motarmu, wadda duk garin Wałbrzych na ƙasar Poland ya sani da Kaka. Ta rasu ranar Lahadi da la'asar a gangaren dutse, muna cikinta.

Marigayiyar ta fara rayuwa da dakon burodi. Bogdan, direbanmu kuma gwanin jitarmu, shi ya tsinto ta a bayan wani gidan burodi a 1983, kaji na kwana a kujerarta. A lokacin hukuma na sa wa irinmu ido, ba mai ba mu zauren wasa, wai kiɗanmu ihu ne da gudu da rashin kunya. Sai gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma Kaka ce ke kai mu, ganguna ɓoye a ƙarƙashin kwanduna. Idan mun iso shingen 'yan sanda, kowa numfashi yake ɗaukewa. Lucek, mawaƙinmu, sai ya ja hula ya rufe askinsa na zanko, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ita kuwa sai ta yi tarin nan nata, kuh-kuh-kurrr, ta feso baƙin hayaki, ɗan sanda ya toshe hanci ya ce mu ɓace masa da gani. Ba ta taɓa tona mana asiri ba.

Ta daɗe tana jinya, mu ne muka ƙi gani. Tun bara birkinta ke kuka. Halina mai ganga ta sha cewa, "Bogdan, tsohuwar nan sai ta kashe mu."

Shi kuma ya ce, "Ke dai buga gangarki. Ta fi ki lafiya."

Ranar Lahadi muna dawowa daga wasa, ana yayyafi. Bogdan ya taka birki, na ga ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba. Ya sake takawa. Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Kowa ya riƙe wani abu."

Dama kwazazzabo, hagu bangon dutse. Lucek, wanda aikinsa ke nan ihu, bakinsa a buɗe amma ba sauti. Halina ta damƙe wuyan rigata tana cewa, "Witek, ba na so, ba na so." Bogdan ya karya kan motar zuwa bangon, ta gefen da yake zaune. Kaka ta goga jikinta a dutse, ƙarfe na yagewa, gilashi na zubo mana, tana wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, har ta tsaya. Ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru.

Hannun Bogdan na hagu ya maƙale tsakanin ƙofa da dutse.

Marigayiyar ta bar ni, da ba na iya barci. Ta bar Halina, wadda ko bas ta ƙi shiga, da Lucek, da ke firgita in an rufe ƙofa da ƙarfi. Ta bar tayar safaya ɗaya, marainiya. Ta kuma bar Bogdan a gadon asibiti, likitoci sun ƙi faɗa mana ko yatsunsa za su sake taɓa jita. In ba su taɓa ba, Tsatsa ma za ta bi Kaka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a filin 'yan gwangwan da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Masu zuwa su zo a ƙafa. Ba za a yi kiɗa ba. Wanda kuma zai je asibiti dubiya, don Allah ya kama bakinsa. Bogdan bai san ta rasu ba. Jiya ma cewa ya yi in riƙa tayar da ita da safe, kada sanyi ya kama ta kafin a sallame shi.