Manhajar da Na Sa Wa Sunana

Na fi kowa iya kwamfuta a ƙauyenmu, kuma abin takaicin, na san da haka.

Da damina ta matso, na samo wata manhaja mai hasashen ruwan sama, irin wadda masu ita suka bar wa kowa ya ɗauka ya gyara. Na mayar da ita Hausa, na goge dogon jerin sunayen da ke ƙasanta, na rubuta nawa da manyan baƙaƙe. Ranar kasuwar Ɗanbatta wani ɗan jaridar rediyo ya tare ni, na gyara zaman hula na ce, "Ni na ƙirƙiro ta, ni kaɗai."

Bayan la'asar aka sa hirar, duk majalisa an kasa kunne. Sai wata malama ta bugo waya gidan rediyon ta ce sharaɗin manhajar ɗaya ne, a bar sunayen waɗanda suka gina ta. Ta shiga karanto sunayen. Mutanen Indiya, mutanen Kenya, har da na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, duk sun yi aikin shekara da shekaru kyauta. Wallahi na manta da kunyata, na saki baki ina sauraro.

Baba Ilu, dattijon unguwarmu, ya rage muryar rediyo ya ce, "Ashe gayya aka yi, Malam, ka zo bayan an tashi ka ce kai ka nome."

A ranar na mayar da sunayen. Amma har yau, in an gama noman gayya, sai wani ya ɗago mini hannu: "Malam, mun gama. Zo ka sa sunanka."