Nomau da Karan Awon Gidaje

A wani daji da ke tsakanin tafki da tudun marmara, dabbobi sun daɗe da yarda cewa duk mai gida zai biya harajin gidansa. Ba don suna so ba. Akwai zabin da ke gadi, masu ihu idan shaho ya taso, akwai kuma masu share hanyar wuta kafin ciyawa ta bushe, kuma duk sai an ciyar da su.

Ga yadda ake yi. Bayan kowace damina uku, Burtu Shekarau, ma'aunin majalisa, yakan zo da karan dawa. Ya zura shi a ƙofar rami har inda ya tsaya, ya ƙirga gaɓoɓin da suka shige, ya zana adadinsu da farar ƙasa a bakin ƙofa. Kowace unguwa da farashinta. A Bakin Tafki, gaɓa ɗaya ƙoƙo uku ne na gyaɗa a shekara. A Gindin Kuka biyu, a Tudu ɗaya. Wanda bai biya ba har ruwan farko ya sauka, majalisa ta karɓe gidan.

'Yan Tudu na ƙyashin 'yan Tafki, don su zabi goma sha biyu ke gadinsu, Tudu kuwa zabuwa ɗaya ce, ita ma farar yana ta rufe mata ido guda. 'Yan Tafki na ƙyashin 'yan Tudu saboda araha. 'Yan Gindin Kuka na ƙyashin kowa.

A layin ƙarshe na Bakin Tafki, dab da jerin sabarar da ta raba su da Tudu, akwai wani kurege mai suna Nomau. Raminsa na gado ne. Ubansa ya haƙa shi a miƙe sambal, gaɓa shida, don ya tsani kwana-kwana. Saboda haka karan Shekarau kan shige gaba ɗaya, Nomau ya biya ƙoƙo goma sha takwas.

Maƙwabcinsa gafiya ne, sunansa Mantau. Raminsa na shiga gaɓa biyu sai ya karya kwana. Abin da ke bayan kwanar, kowa ya sani: zaure, ɗakuna, rumbuna, har da wurin shan iska. Amma kara ba ya lanƙwasa. Zane biyu ne a ƙofar Mantau, ƙoƙo shida yake biya.

Shekara bakwai Nomau yana karyawa da zanen nan biyu kafin ya karya da abinci.

A bana an yi fari, kuma shekarar awo ce. Matarsa Lanti ta fito daga lungun da take ajiye gyaɗa, tana karkaɗe hannu.

Ta ce, "Maigida, ƙoƙo goma sha huɗu ne. Na auna sau biyu."

"To."

"Ba to ba. Sha takwas ake nema. Mu toshe gaɓa biyu na can ƙurya da ƙasa, kafin Malam Shekarau ya zo. Ba abin da ke wurin sai tsohon buzun babanka. Ya zama huɗu, mu biya sha biyu, yara su samu na bakinsu."

Nomau ya ce, "Mu biya sha biyu, Mantau ya biya shida."

"Ina ruwanmu da Mantau?"

"Ni na rage gidan ubana, shi yana ƙara ɗaki? Jiya ma na ji shi ta bango yana haƙa. Kin san me yake yi da sabon ɗakin? Ba komai. Shiga yake ya zauna."

"To ya zauna mana. A kanka ya zauna?"

Nomau ya fita ƙofa, ya tarar da Mantau a kishingiɗe yana ɓare gyaɗa, ɓawo ya taru a gabansa.

Mantau ya ce, "Maƙwabci, barka da hantsi. Bismillah."

"Alhamdu lillahi. Ka ji daɗinka. Gida ƙarami, ciki babba."

Mantau ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. "Rufin asiri dai. Mu talakawan gaɓa biyu ina mu ina ku masu shida? Kai fa ko baƙo ya zo unguwar nan, ƙofarka ake nuna masa." Ya jefa ƙwaya a baki. "Da gaske nake, Nomau, in abin ya matse bana, ka yi magana. Ƙoƙo huɗu ba zai gagara tsakaninmu ba."

Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Nomau ya koma ciki ya ce wa Lanti zai kai ƙara majalisa, a sake hanyar awo.

Lanti ta ce, "Wace irin hanya?"

"Wadda za ta shiga kowane lungu."

"Kowane lungu? Maigida, tsaya ka ji, mu ma fa..."

"Na gama magana."

Majalisa na zama a ƙarƙashin kuka. Shugabanta Kunkuru ne, Baba Bagudu, wanda bai taɓa biyan harajin gida ba, domin gidansa a bayansa yake, kuma ba a taɓa samun sa a unguwa ɗaya kwana uku a jere a shekarar awo ba. Sauran 'yan majalisa yawancinsu tsuntsaye ne, masu sheƙar da kara ba ya shiga.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zo neman rangwame ba. Ubana ya biya, ni ma ina biya. Abin da ya kawo ni shi ne, a dajin nan ba gida ake wa haraji ba, gaskiya ake wa. Wanda ya haƙa raminsa a miƙe, kara ya same shi. Wanda ya karkace, kara ya gaishe shi a bakin ƙofa ya koma. Akwai wanda na sani, ba zan kama suna ba, ƙofarsa na kallon tawa, gidansa zai ɗauki dangina duka har da surukai, amma abin da yake biya bai kai rabin nawa ba. Zabin da ke gadina su ke gadinsa. In shaho ya zo, ba sa yi masa ihun gaɓa biyu su yi mini na shida. Roƙona ɗaya ne. A auna kowane gida har ƙarshensa, kowa ya ɗauki kayansa."

Wata bushiya daga Tudu, Tabawa, ta miƙe ba a ba ta izini ba. "Ku ji mini 'yan Tafki! Zabi goma sha biyu, ruwa a ƙofar gida, amma kuka suke. Mu zabuwarmu sai shaho ya zo ta hagu take ganinsa. A auna su, Baba, a auna su har hanji. Abin da ya ƙaru a sayo mana mai ido biyu."

Aka yi ta hayaniya. Burtu Shekarau ya jira ta lafa, sannan ya yi magana a hankali, kamar mai ciwon wuya.

"Shekara talatin ina riƙe da karan nan. Na san ba ya faɗin gaskiya duka. Na san gidajen da suka fi zanensu, na san su sarai. Amma kara yana da hali guda: inda ya tsaya, nan majalisa take tsayawa. Ba ya ganin abin da ke tukunyarku, ba ya ƙirga 'ya'yanku. In kuna son abin da zai wuce nan, ku nema. Ni dai ba na lanƙwasa."

Wani ya ce a yi da igiya. Aka ce igiya na lanƙwasa amma ba ta tafiya da kanta. Ana cikin haka sai ciyawa ta motsa a bayan taro, waɗanda ke wurin suka matsa ba tare da an roƙe su ba. Gamsheƙa ne, ana kiransa Duna.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin shugaba. Tsawona gaɓa huɗu ne cif, an taɓa gwadawa. Ina shiga kwana, ina fita kwana, ina kuma iya lissafi. Batun lada kada ya dami majalisa. Ni ba mai yawan buƙata ba ne."

Tsuntsaye suka ga shawara ce mai kyau. Baba Bagudu ya zuro kai ya ce, "Mai ƙara, wannan ya yi maka?"

Nomau ya dubi Duna, gashin bayansa ya tashi. Sai ya hango Mantau a gefen taro ya daina tauna. Ya ce, "Ya yi, ranka ya daɗe."

Duna ya fara aiki daga bakin ruwa, yana hawowa gida gida. Aikinsa ba ha'inci. Zane ya yi ta ƙaruwa a ƙofofi har farar ƙasa ta yi tsada. A wasu gidajen akan samu yawan ɗakuna ya ƙaru, yawan 'ya'ya ya ragu. Da aka kai maganar majalisa, sai ta ce wannan ba ya cikin abin da aka kawo ƙara a kansa. Lanti ta kwashe yaranta ta kai gidan yayarta a Gindin Kuka. Maƙwabta suka daina amsa sallamar Nomau.

Bai damu ba. Kwana uku yana jin Mantau ta bango yana haƙa ba hutawa, shi kuwa Nomau yana ta murna. Ya ce wa Lanti, "Ɓoye ɗakuna yake. Ya makara."

Ranar da awo ya iso layinsu, Nomau ya fito tun da safe ya zauna inda zai ga komai. Sai ya ga ƙofar Mantau a toshe da ɗanyar ƙasa, an daddaɓe ta sumul. Daga can bayan sabara aka kira shi.

"Maƙwabci! Nan nake."

Mantau ne, tsaye a bakin sabuwar ƙofa, taku uku cikin Tudu.

Nomau ya ce, "Me ke nan?"

"Ƙofa. Rumbuna na ƙarshe dama a ƙarƙashin sabarar nan yake, huda shi kawai na yi. Ka san doka ƙofa take bi. Inda ƙofarka ta buɗe, nan ce unguwarka. Yanzu ni ɗan Tudu ne, sai haƙuri da zabuwarmu."

Duna ya shiga ta sabuwar ƙofar, ya daɗe, ya fito ya ce gaɓa goma sha huɗu. A farashin Tudu, ƙoƙo goma sha huɗu.

Sannan ya juyo wurin Nomau. "Maigida, da izininka."

Nomau ya tsaya a waje yana kallon wutsiyar ma'auni tana shigewa gidan ubansa. Shida ne, ya sani, kowa ya sani. Duna ya fito yana lasar baki, ko da yake bai tarar da kowa ba.

"Tara."

"Shida dai, Yallaɓai."

"Shida a miƙe. Akwai lungun gyaɗa a hagu, gaɓa ɗaya. Akwai ɗaki a dama mai shimfiɗar ciyawa, gaɓa biyu. Ɗaki mai ɗumi. Yara nawa ne?"

Nomau ya waiwayi Lanti. Ita ta haƙa lungunan da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da haihuwa ta matso. Shi bai taɓa lissafa su a cikin gida ba. Wurin mata ne.

Lanti ta ce, "Na so in gaya maka. Ka ce ka gama magana."

Ƙoƙo ashirin da bakwai. Nomau ya ce su ma su huda ƙofa a Tudu. Lanti ta auna da ido: daga ƙuryar raminsu zuwa sabara ya fi gaɓa ashirin, ƙasar kuma marmara ce, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya ce to su toshe lungunan. Aka ce masa an riga an zana, sai bayan damina uku. Mantau ya aiko cewa tayinsa na nan, har ya ƙara. Nomau ya ce a gaya masa ba a mutu ba tukuna.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba da la'asar. Kafin ya ɗauke, 'yan majalisa biyu sun zo sun gicciya ƙaya a ƙofar. Lanti ta ɗauki gyaɗarta, ta ɗauko yaranta daga gidan yayarta, ta haura Tudu, ta samu gindin wata sabara ta fara haƙa. Nomau ya tafi kuka, jiƙe sharkaf, ya tarar da Baba Bagudu ya shige gidansa ruwa na zuba a kai.

"Ranka ya daɗe, an karɓe mini gida."

Murya ta fito daga ciki. "Wane ne?"

"Nomau ne. Mai ƙarar awo."

Kunkuru ya zuro kai kaɗan. "Af, ɗana. Me ka roƙa a gabanmu?"

"A auna kowane gida har ƙarshensa."

"An auna?"

"An auna."

"Shi wanda ba ka kama sunansa ba, nawa yake biya da?"

"Shida."

"Yanzu fa?"

"Sha huɗu."

"Ka ga ya ninka, har da ɗoriya."

Cikin rikicin kwanakin nan Nomau bai tsaya ya yi wannan lissafin ba. Ya maimaita a ransa: daga shida zuwa sha huɗu. Takwas, kowace shekara, daga rumbun Mantau. Wani abu mai sanyi ya sauka a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi shekara bakwai. Ya yi godiya, ya tashi.

Ya samu Lanti rabin jikinta a cikin taɓo, yara sun takure a ƙarƙashin ganye suna rawar ɗari. Ya tsaya a kanta.

"Lanti, kin san ƙarin nawa aka yi masa? Takwas."

Ta watso ƙasa ta tsakanin ƙafafunta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Matsa, kana tare mini haske."

Ya matsa.

A tarihin majalisar dajin nan, shi kaɗai ne mai ƙarar da aka ba duk abin da ya roƙa.